Kafin a biya kuɗin kwikwiyo, a nemi ganin uwarsa

Wasiƙu biyar suka taru a gabana a kan batu ɗaya, wato yadda mutum zai gane mai kiwon karnuka na kirki idan yana son sayen ɗan kwikwiyo na ƙaramin jinsi, irin wanda ake ajiyewa a gida don ɗebe kewa. Akwai ta shida wadda ta tambayi hukuncin ajiye kare da cinikinsa a shari'a, kuma wannan fage ne na malamai, waɗanda suka yi bayani mai tsawo a kan karen farauta da na gadin gona da na kiwo da kuma wanda bai shiga cikin waɗannan ba, don haka can ya kamata a kai ta. Amsoshin da ke tafe na waɗanda suka riga suka yanke shawara ne, abin da ya rage musu shi ne kada su zubar da kuɗinsu ko su jawo wa gidansu ɓacin rai.

Wasiƙa ta farko daga wata uwa ce a Kaduna. Ta ce: "Yarana sun daɗe suna roƙona in saya musu ƙaramin kare mai gashi irin Lhasa Apso. Na ga tallace-tallace da yawa a Instagram da Facebook, kowa yana cewa nasa ne na asali, farashin kuma ya bambanta ƙwarai. Yaya zan gane wanda zan amince da shi?"

Hajiya, abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki rufe hotunan nan na ɗan lokaci, domin babu kwikwiyon da ba ya da kyau a hoto, kuma mai tallar ya san cewa idan idon yaro ya faɗa kan hoton, rabin cinikin ya riga ya ƙare. Mutanenmu sun san yadda ake sayen dabba tun kafin a ƙirƙiro wayar salula. Mai neman ragon layya yana buɗe bakinsa ya duba haƙora, mai neman saniyar tatsa yana tambayar irin nonon da uwarta ta bayar, kuma ba a taɓa jin wanda ya san abin da yake yi ya yarda da cinikin biri a sama ba. Wannan sanin ne ya kamata ki ɗauka ki tafi da shi, sai dai a wajen kwikwiyo uwar ta fi ɗan muhimmanci a ranar da za ki je dubawa.

Ki ce wa mai tallar kina son zuwa inda aka haifi kwikwiyon, ki gan shi tare da uwarsa da 'yan'uwansa. Amsar da zai ba ki ita ce za ta tace miki masu talla goma su koma biyu ko uku. Wanda ya ce uwar tana wani gari, ko an kai ta asibiti, ko tana da faɗa ba ta son baƙi, ko kuma ya ce ki tsaya a wani gidan mai zai kawo miki a kwali, to mafi yawan lokaci dillali ne wanda shi ma sayowa ya yi, kuma bai san komai game da asalin abin da yake sayarwa ba. Dillanci sana'a ce ta halal a kasuwar shanu da ta gidaje, amma a harkar kwikwiyo yana da wata illa ta musamman: dillali yana tara 'ya'yan karnuka daga gidaje daban-daban a keji ɗaya a daidai lokacin da garkuwar jikinsu ta fi rauni, idan ɗaya ya zo da cuta sai ta bi su duka.

Akwai ɗan lissafi da zai taimake ki. Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, tana kuma shiga lokacin barbara kusan sau biyu a shekara, kuma ƙananan jinsuna ba sa haihuwa da yawa, domin Chihuahua ko Pomeranian sau da yawa 'ya'ya biyu ko uku take haifa, Lhasa Apso kuma huɗu zuwa shida. Mutumin da yake da karya biyu ko uku yana kula da su yadda ya kamata, yana kuma hutar da su tsakanin haihuwa da haihuwa, ba zai kasance da kwikwiyon sayarwa a kowane wata na shekara ba. Saboda haka idan kika ga shafin da kullum yake da kaya, yau Lhasa, gobe Pug, jibi Eskimo, kowane launi kike so akwai, to kin san ko dai dillali ne, ko kuma wanda ya mayar da karnukansa injin haihuwa. Mai kiwo na gaskiya yakan tsaya a kan jinsi ɗaya ko biyu, kuma ba abin mamaki ba ne ya ce miki sai ki jira wata uku ko huɗu.

Idan kin isa gidan, hancinki zai fara ba ki labari kafin idonki. Na taɓa raka wata 'yar'uwata gidan wata dattijuwa mai kiwon Lhasa, muka tarar da 'ya'yan biyar a wani ɗaki kusa da kicin, an shimfiɗa musu tsohon bargo, kwanon ruwansu a wanke, uwar kuma ta taso tana shinshinar ƙafafunmu, nonuwanta a sake, gashin cikinta ya ɗan zube saboda shayarwa. Wannan sakin nonon shaida ce da ba a iya ƙirƙira, domin akwai masu aro wata karya mai kyau su ajiye kusa da kwikwiyo don a ce uwarsa ce, amma za ki ga ba ta kula shi, shi ma ba ya neman cusa kai ƙarƙashinta. Dattijuwar ta tafa hannu sau ɗaya, 'ya'yan suka ɗago kai suka rugo gare ta suna tuntuɓe da juna, babu wanda ya maƙale a lungu yana rawar jiki. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne tambayoyin da ta jero wa 'yar'uwar tawa: wa zai zauna da shi da rana, shekarun ƙaramin yaron gidan nawa, gidan haya ne ko na kansu, wa zai riƙa taje masa gashi, kuma wane likitan dabbobi ne mafi kusa da su. 'Yar'uwata ta ɗan ji haushi, ta ce mini a mota kamar ta je neman aure. Na ce mata wanda bai tambaye ki komai ba sai ranar da za ki tura kuɗi, shi ne ya kamata ya ba ki tsoro.

Halin uwar ki lura da shi sosai, tunda yara za ki kai wa ɗanta. Karyar da take shayarwa tana iya yin ɗan tsaro, wannan ba laifi ba ne, amma wadda take ɓuya tana karkarwa ko take kai cizo ba tare da dalili ba, akwai yiwuwar ɗanta ya ɗauko wani abu daga wannan halin, ta jini da kuma ta koyi. Uban ba lallai ne ki same shi a gidan ba, domin galibi kai karya ake yi wurin namijin wani, amma mai kiwon ya iya gaya miki na wane ne, ya nuna miki hotonsa, ya kuma ba ki damar kiran mai shi.

Sai batun shekaru, wanda a nan ne aka fi cutar masu saye. Bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas ba, ƙananan jinsuna kuwa gara a bar su zuwa mako goma ko sha biyu. A waɗannan makonnin ne yake koyon abin da ba za ki iya koya masa ba, musamman sassauta cizo, domin idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi wasan yakan tsaya, uwar ma takan tsawata masa. Masu gaggawar kuɗi suna cire su a mako huɗu ko biyar saboda a lokacin sun fi ƙanƙanta da ban sha'awa, kuma ciyar da su bai fara cin aljihu ba. Ki ɗaga leɓensa ki duba. Haƙoran nono guda 28 ne, suna fara ɓullowa daga mako na uku, kuma zuwa mako na takwas yawanci sun fito ko sun kusa kammala. Wanda aka ce miki wata biyu gare shi amma dasashinsa kusan wayam yake, yana tafiya yana tangaɗi, an ƙara masa kwanaki. Ki duba idanu kada su kasance da kwantsa mai kauri, kunnuwa kada su yi wari, ki buɗa gashi ki nemi kaska da ƙuma da alamar ƙazuwa, ki kuma kalli ƙarƙashin wutsiya ko akwai busasshen zawo. Cikin da ya kumbura kamar tulu alhali haƙarƙari suna bayyane alamar tsutsar ciki ce.

Wani abu kuma da zan faɗa ko da ba zai yi daɗi ba: idan kika tarar da wurin ƙazami ne, karnukan a rame, kada tausayi ya sa ki saya don ki ceci ɗaya. Kuɗin da kika bayar shi ne jarin haihuwa ta gaba. Kuma kada ki tafi da yaran a ziyarar farko, domin babu uwar da za ta iya fita hannu rabbana alhali yaronta ya rungume kwikwiyo yana kuka.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makaranta ce a Jos. Ya ce: "An nuna mini katin rigakafi da wata takarda mai hatimi da ta ce karen Eskimo ne tsantsa. Shin waɗannan takardun sun wadatar?"

Malam, takardar asali ba ta fi amanar wanda ya rubuta ta ba, kuma duk mai kwamfuta da na'urar buga takarda zai iya haɗa wadda ta fi wannan kyau kafin la'asar. Farin kare mai gashi da ake kira Eskimo a Najeriya sau da yawa gauraye ne, kuma za ka ji ana kiran kare ɗaya Eskimo a wannan shafin, Samoyed a wancan, alhali jinsuna ne mabambanta: Samoyed na Saibiriya babban kare ne mai kai kilo 16 zuwa 30, shi kuwa Eskimo na Amurka asalinsa daga karnukan Spitz na Jamus ne, kuma yana zuwa a girma uku, daga ɗan ƙarami zuwa matsakaici. Ni a ganina gauraye ba aibi ba ne, akwai gaurayen da ya fi na tsantsa lafiya da daɗin zama. Aibin yana wurin wanda ya karɓi kuɗin tsantsa ya ba da gauraye, da kuma wurin iyalin da suka shirya wa kare mai kilo biyar suka wayi gari da mai kilo goma sha biyar. Girman uwa da uba ne zai gaya maka gaskiyar da takardar ba za ta faɗa ba.

Katin rigakafi ya fi waccan takardar daraja nesa ba kusa ba, amma shi ma sai an san karanta shi. Kowace kwalbar allura tana zuwa da ɗan tambarin manne mai ɗauke da sunan kamfani da lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki, kuma likita yakan ɓare shi ya liƙa a katin, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu da hatimi. Katin da aka rubuta sunan allura da biro kawai, babu manne babu sunan asibiti, ka ɗauka kamar ba a yi ba. Ka karɓi lambar likitan ka kira shi a gaban mai sayarwa. Likitocin dabbobi a Najeriya suna da rajista da majalisar da ke kula da aikinsu ta ƙasa, kuma wanda yake likita na gaske ba ya jin nauyin a tambaye shi. Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne, da yawa daga masu kiwo suna sayo allurar su yi da kansu, alhali ana buƙatar ajiye ta a sanyin da bai fita daga digiri 2 zuwa 8 ba, kuma kai ka san halin wutar lantarkinmu. Allurar da ta kwana biyu a firjin da ba wuta ruwa ce kawai aka tsira wa dabba.

Tsarin da aka saba shi ne a fara allurar haɗaka, wadda take kare shi daga cutar farbo da distemfa da ciwon hanta da wasunsu, tsakanin mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Ana maimaitawar ne saboda garkuwar da ya sha a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma ba a san takamaiman ranar da wannan garkuwar take gushewa a jikin kowane kwikwiyo ba. Don haka wanda ya ce maka ɗan mako takwas ya gama duk allurarsa, ko dai bai sani ba, ko ya san kai ba ka sani ba. Allurar haukan kare kuwa sai ya cika wata uku ake yin ta, saboda haka ganin ta a katin ɗan mako bakwai kansa abin tuhuma ne. Wannan allurar ba ta da sassauci a ƙasarmu, inda cutar take nan daram, kuma kusan duk wanda alamunta suka bayyana a jikinsa ba ya tashi. Kai da kake Jos ma ka yi sa'a, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana kusa da kai, ga kuma asibitoci da likitoci da yawa a kewayenta.

Farbo tana cikin cututtukan da suka fi kashe 'ya'yan karnukan da aka sayo daga hannun dillalai. Tana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai a ɓoye kafin ta bayyana, shi ya sa ake sayen kwikwiyo yana tsalle ranar Asabar, zuwa Laraba ya daina cin abinci, ya fara amai da zawo mai jini mai wani irin ƙarni da wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Wani maƙwabcina ya sayo wa 'yarsa irin wannan a bakin titi don ya ga araha, kwana biyar aka yi ana ƙarin ruwa, kuɗin asibitin ya ninka kuɗin sayen, ƙarshe aka binne shi a bayan gida yarinyar tana kallo. Ƙwayar cutar kuma tana iya zama a ƙasar tsakar gida watanni da yawa, har ya zama ba za a iya kawo wani sabon kwikwiyon nan kusa ba. Saboda haka ka yi sharaɗi a rubuce cewa za ka kai shi wurin likitan da kai ka zaɓa cikin kwana biyu ko uku, idan aka sami wata babbar matsala a mayar maka da kuɗinka. Mai kiwo na kirki yakan riga ka kawo wannan maganar.

Wasiƙa ta uku ta zo daga wata budurwa a Sakkwato: "Ina son Pug ko kuma irin Pomeranian ɗin nan da ake cewa ba ya wuce girman kofin shayi. Wanne ya fi?"

Ƙanwata, a garinku ban ba ki shawarar ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa, iska tana bi ta dogon hanci da harshe tana kwashe zafi. Pug da Bulldog na Faransa, da Shih Tzu a wani mataki, an yi ta zaɓen masu gajeren hanci ana haɗa su har fuskar ta baje, ƙofofin hancin suka tsuke, naman ganɗa ya yi wa maƙogwaro yawa. Minsharin da mutane suke wa dariya a bidiyo wahalar numfashi ce. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake wuce digiri 40, ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi da rana ta isa ta kashe irin wannan karen. Ƙasar Holan tun 2019 ta fara aiwatar da ƙa'idar hana haɗa karnukan da tsawon hancinsu bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙoƙon kansu ba, kuma kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa yarda su ɗauke su a ɗakin kaya. Idan kin nace sai shi, to ki duba iyayen da kyau: ƙofofin hanci a buɗe, numfashi shiru idan suna hutawa, kuma su iya ɗan zagaye ba tare da sun zube suna kakari ba.

Shi kuwa na kofin shayi, babu wata ƙungiyar rajistar karnuka mai daraja a duniya da ta san jinsi mai wannan suna. Kalmar talla ce. Ana samun su ne ta hanyar haɗa mafi ƙanƙanta da mafi ƙanƙanta, ko kuma a sayar da ɗan mako huɗu da sunan ɗan wata uku. Pomeranian da Chihuahua na ainihi ma kilo biyu zuwa uku ne, me za a rage a ciki? Wanda aka matse ƙasa da haka yakan zo da maɗigar da ba ta rufe ba, da ƙasusuwan da faɗowa daga kujera take karyawa, da saurin faɗuwar sukarin jini, wanda yake sa kwikwiyo ya yi laushi ya fara jijjiga idan ya tsallake abinci sau ɗaya ko biyu. Idan haka ta faru ana shafa masa ɗan zuma a dasashi a ruga asibiti. Duk mai kiwon da yake tallar ƙanƙanta fiye da lafiya ya riga ya gaya miki abin da ya dame shi.

Kowane ƙaramin jinsi kika zaɓa daga baya, ki tambayi mai kiwon ko likita ya taɓa duba gwiwoyin iyayen. Gocewar ƙoƙon gwiwa ciwo ne da ya yi yawa a ƙananan karnuka, yana kuma bin jini. Likita yana gane shi da hannu, yana ba shi mataki daga 1 zuwa 4, ke ma za ki iya hango alamarsa idan kika ga uwar tana cikin gudu ta ɗage ƙafar baya ɗaya taku biyu ko uku sannan ta mayar. Asibitin koyarwa na dabbobi da ke jami'ar garinku wuri ne da za ki iya zuwa tun kafin ki saya, ki tambayi likitocin wane jinsi suke gani yana jure yanayin, da kuma waɗanne masu kiwo ne suke kawo karnukansu a kan kari. Likitoci da masu aski da wankan karnuka sun fi intanet sanin wanda 'ya'yansa suke rayuwa.

Ta huɗu daga wata ma'aikaciyar jinya ce da ke zaune a Ingila: "Mahaifiyata ta dawo wurina da zama, kaɗaici yana damunta idan na tafi aiki. Ina tunanin Cavalier King Charles. Yaya tsarin yake a nan?"

'Yar'uwa, ke doka tana bayanki fiye da masu wasiƙun da suka gabata. Tun ranar 6 ga Afrilu 2020 aka haramta wa kantuna da dillalai a Ingila sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga wanda ya yi kiwonsa ko a karɓa daga gidan ceton dabbobi. Ana kiran dokar da sunan Lucy, wata karya ce ta wannan jinsin da kike so, wadda aka ceto daga wata gonar haihuwar karnuka a Wels a 2013 bayan an yi shekaru ana tatsar 'ya'ya daga jikinta a keji. Faransa ma ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kantuna daga farkon 2024. A Ingila duk wanda karnukansa suke haihuwa sau uku ko fiye a cikin wata 12, ko yake yin abin a matsayin kasuwanci, sai ya mallaki lasisi daga ƙaramar hukuma, lambar lasisin kuma dole ta fito a tallarsa, kina iya kiran hukumar ki tabbatar. Mai lasisi ba ya da izinin sayar da ɗan ƙasa da mako takwas, dole ya nuna shi tare da uwarsa, kuma tun 2016 wajibi ne a dasa wa kowane kwikwiyo 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ya bar hannun mai kiwo.

Duk da haka masu ha'inci sun koyi zagaye dokar. Sukan kama hayar gida mai kyau na 'yan kwanaki, su zuba kwikwiyoyin da aka yi safararsu daga nesa a falo, a kawo mace da yara su zauna kamar iyali. Ki kwafi lambar wayar da ke tallar ki bincika a intanet, idan ta fito a tallace-tallacen jinsuna biyar daban kin gane. Ki ziyarci gidan fiye da sau ɗaya. Rajistar Kennel Club, wato ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, tana tabbatar da nasaba ne, ba ta tabbatar da lafiya ko kyakkyawan riƙo, ko da yake ƙungiyar ba ta karɓar rajistar 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau huɗu, ko wadda aka yi wa barbara kafin ta cika shekara. Akwai kuma takardar yarjejeniyar sayen kwikwiyo da ƙungiyar jin ƙan dabbobi ta RSPCA da takwarorinta suka tsara, kyauta ake sauke ta, ki nemi mai kiwon ya cike.

Game da jinsin kansa, Cavalier kare ne mai sanyin hali wanda ya dace da dattijai, amma ciwon bawul ɗin zuciya ya yi masa katutu, ga wata lalurar ƙoƙon kai da laka mai sa raɗaɗi, har kotun ƙolin Nowe ta yanke hukunci a 2023 cewa ci gaba da kiwonsa ya saɓa wa dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasar. Kada ki saya sai kin ga sakamakon gwajin zuciya na kwanan nan na uwa da uba, kin kuma ji labarin kakanni, domin ciwon yakan bayyana ne bayan shekaru. Ki kuma yi tunanin ko Mama za ta iya da ɗawainiyar jariri mai fitsari a kafet da tashin dare. Karen da ya riga ya girma, mai shekara biyar ko shida, daga gidajen ceton dabbobi irin su Dogs Trust ko Battersea, wanda an riga an san halinsa, zai iya fi mata sauƙi, tunda ƙananan karnuka suna kai shekara 12 zuwa 15 a raye. Kafin komai, ki tambayi Mama ko ita tana so, ki kuma duba takardar hayar gidanki.

Wasiƙa ta ƙarshe gajera ce, daga wani saurayi a Bauchi: "Mai sayarwa yana Legas, ya ce in tura rabin kuɗi zai sako shi a mota. Ya turo mini bidiyo."

Ɗan'uwa, bidiyo ana sato shi kamar yadda ake sato hoto, kuma salon 'yan damfarar nan sananne ne: bayan rabin kuɗin sai a ce na keji, sai na inshora, sai na wani jami'i da ya tsare motar a hanya, daga nan wayar ta mutu. Idan kana son gwada shi, ka kira shi ta bidiyo kai tsaye ba tare da sanarwa ba, ka ce ya nuna maka kwikwiyon yana shan nonon uwarsa, ya ɗaga shi ya juya, ya rubuta sunanka da kwanan watan ranar a takarda ya ajiye a gefensa. Ko ya ci wannan jarrabawar, ka tuna cewa ɗan kwikwiyon da bai kai kilo ɗaya ba, zai yi yini da kwana a cikin kwali tsakanin kaya, ba ruwa ba abinci a kan kari, ga zafin inji, kuma ba a gama masa rigakafi ba. Idan kana da wani amintacce a Legas, ya je gidan da ƙafarsa ya duba duk abin da na lissafa wa Hajiyar Kaduna, a bar kwikwiyon ya kai mako sha biyu, sannan ya taho da shi a hannunsa. Idan ba ka da kowa a can, Jos tafiyar ƙasa da awa uku ce daga Bauchi, kuma akwai masu kiwo a can da za ka iya zuwa ka gani ka dawo a yini ɗaya.